Wanke Mutum Daga Zargi a Ingilishi da Sifaniyanci: Tambayoyi da Amsoshi

Kalma ɗaya muke yawan jawowa idan mutum ya fita daga hannun hukuma: an wanke shi. Kotu ta ce babu hujja, an wanke shi. Gwamna ya yi masa afuwa, magoya bayansa su ce an wanke shi. Lauyan gwamnati ya janye ƙara, a fito da ganga a ce an wanke shi. A Ingilishi da Sifaniyanci kowanne daga cikin waɗannan da sunansa, kuma sunan ne ke gaya wa mai karatu ko maganar ta mutu ko kuwa ajiye ta kawai aka yi. Wannan shafi na masu fassara labarai ne, da ɗaliban shari'a, da masu koyon Sifaniyanci, har da masu bin labarin ƙwallon Sifaniya waɗanda ke cin karo da labarin kotu fiye da yadda suka yi tsammani.

Wace kalma ce ake amfani da ita idan kotu ta saurari shari'a ta ce ba ta sami mutum da laifi ba?

A Ingilishi *acquit* ce, hukuncin kuma *acquittal*. A Sifaniyanci *absolver* ce, hukuncin *absolución*, ko kuma *sentencia absolutoria*. Namijin da aka wanke *absuelto* ne, mace *absuelta*. Masu koyo su lura, babu wani abu wai shi *absolvido*. Fi'ilin ba ya bin ƙa'idar da aka saba. Haka ma alƙali in zai ce na wanke ka, *absuelvo* zai ce.

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar hukuncin kotun Sifaniya ya san inda idonsa zai fara zuwa. Ana tsallake shafukan bayanin abin da ya faru da na hujjojin doka, a gangara can ƙasa inda aka rubuta FALLO ko FALLAMOS da manyan baƙaƙe. A ƙarƙashinsa akwai wata tsohuwar jimla da alƙalai ba su daina amfani da ita ba: *debemos absolver y absolvemos*, wato wajibi ne mu wanke shi, kuma mun wanke shi. In abin bai yi daɗi ba, jimlar ta koma *debemos condenar y condenamos*.

Asalin kalmomin biyu ɗaya ne?

A'a. *Acquit* ta shiga Ingilishi daga tsohon Faransanci, kuma ma'anarta ta farko biyan bashi ce: an biya, an rabu, babu mai bin wani. *Absolver* daga Latin take, ma'anarta kwance ɗauri. Shi ya sa kalmar wankewa ta Sifaniyanci ba ta yi kama da *acquit* a lafazi ba.

Idan an ce *acquitted* ko *absuelto*, ke nan an tabbatar mutum bai aikata ba?

Nan ne mafi yawan ruɗani yake. Abin da kotu ta ce shi ne mai gabatar da ƙara bai kawo hujjar da ta kawar da shakka ba. Ba ta ce mutumin waliyyi ne ba. A kotunan Ingila da Amurka tambayar da ake yi wa masu taya alƙali yanke hukunci ita ce *guilty* ko *not guilty*. Babu wanda ke tambayarsu ko mutum *innocent* ne. A Sifaniya ma, inda dokar 1995 ta dawo da irin waɗannan mutane tara da ake zaɓowa daga cikin jama'a, abin da suke cewa *culpable* ne ko *no culpable*. Ana buƙatar ƙuri'a 7 kafin a ce da laifi, amma 5 sun isa a ce babu.

Shari'ar O. J. Simpson ce misalin da kowa ke kawowa, kuma da dalili. A watan Oktoba na 1995 aka wanke shi daga tuhumar kashe tsohuwar matarsa da wani abokinta. A 1997 wata kotun, a ƙarar neman diyya da iyalan mamatan suka shigar, ta ɗora masa alhakin mutuwarsu ta ce ya biya dala miliyan 33.5. Hukuncin biyu ba su ci karo da juna ba, domin ma'aunin hujja ya bambanta: a shari'ar laifi sai an kawar da shakka, a ta diyya kuwa rinjaye ya wadatar.

A Sifaniya akwai misalin Sandro Rosell, tsohon shugaban ƙungiyar Barcelona. Ya shafe wata 21 a tsare kafin a gama shari'arsa kan zargin halatta kuɗin haram, a watan Afrilu na 2019 kuma kotu ta wanke shi bisa ƙa'idar da lauyoyi ke kira da Latin *in dubio pro reo*, wato in an yi shakka, a bai wa wanda ake tuhuma gaskiya.

Amma kada a ɗauki wannan bayani a matsayin lasisin ci gaba da kiran mutum mai laifi. A idon doka, wanda aka wanke ya koma inda yake tun farko: marar laifi. Sashe na 36(5) na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya faɗi haka, sashe na 24 na tsarin mulkin Sifaniya na 1978 ya kira shi *presunción de inocencia*, malaman fikihu kuma tun da daɗewa suna cewa asali shi ne kuɓutar wuya, hujja tana kan mai da'awa.

Ƙasar Sikotland ta daɗe da wani hukunci na uku, *not proven*, ma'ana ba a tabbatar ba. A da, wanda aka yi wa shi yakan tafi gida kamar wanda aka ce *not guilty*, sai dai da tabo a jikinsa. A 2025 majalisarsu ta kaɗa ƙuri'ar soke shi.

To wace kalma ce ke nuna cewa lallai mutum bai yi ba?

A Ingilishi *exonerate* ce ta fi kusa. Asalinta sauke kaya ne daga kan mutum. Amurkawa na amfani da ita musamman ga wanda aka riga aka ɗaure, daga baya sabuwar hujja, sau da yawa gwajin ƙwayoyin halitta, ta nuna ba shi ba ne. Matasan nan biyar da aka ɗaure a 1990 kan farmakin da aka kai wa wata mata a filin shaƙatawa na Central Park a New York su ne misalin da ya fi shahara. A 2002 wani mutum daban ya amsa laifin, gwaji ya gaskata shi, kotu ta soke hukuncin. Ƙungiyar lauyoyi ta Innocence Project, da aka kafa a 1992, wannan ne aikinta.

*Exonerate* ba a kotu kaɗai take ba. Kwamitin bincike, ko rahoton mai binciken kuɗi, ko hukumar wasanni duk suna iya yi wa mutum ita. *Acquit* kuwa ta kotu ce.

Akwai 'yan'uwanta. *Exculpate* ta lauyoyi ce, ba a cika jin ta a bakin titi ba, an fi ganinta a siffar *exculpatory evidence*, hujjar da ke taimakon wanda ake tuhuma. *Vindicate* tana da ɗan alfahari a ciki: an zarge ka, ka dage, yau ga shi gaskiyarka ta fito. *Clear* ita ce ta kowa da kowa, kuma ita ce ta fi kama da *wanke* ɗinmu, har a wajen rashin tantancewa.

A Sifaniyanci ana cewa *exculpar*, ko *declarar inocente*, ko *limpiar su nombre*, wato wanke sunansa.

Ashe ba *exonerar* ba ce fassarar *exonerate*?

Wani lokaci ita ce, wani lokaci ta kai ka ta baro. *Exonerar de culpa* ko *de responsabilidad* sauke laifi ne, wannan daidai. *Exonerar de impuestos* ɗauke wa mutum haraji ne. Amma *exonerar del cargo* tsige mutum ne daga muƙaminsa. Kayan da aka sauke masa shi ne aikinsa.

A ƙasar Chile wannan ma'anar ta zama tarihi. *Exonerados políticos* su ne ma'aikatan da aka kora saboda siyasa a zamanin mulkin soja na Janar Pinochet, daga 1973 zuwa 1990, waɗanda wata doka ta 1993 ta tanadar wa fansho. Mai fassarar da ya ga wannan suna ya rubuta 'yan siyasar da aka wanke ya juya labarin kansa a ƙasa.

Ingilishi ma yana da *absolve*. Me ya hana a yi amfani da ita a kotu?

Domin Turawan Ingila sun raba aikin gida biyu, Sifaniyawa kuwa sun bar shi a hannun kalma ɗaya. A Ingilishi alƙali *acquit* yake yi, fada kuwa, wato limamin coci, *absolve*. Ana kuma cewa *absolve of blame* ko *of responsibility* a maganar da ba ta kotu ba. A Sifaniyanci alƙali da fada duk *absolver* suke yi.

A cocin Katolika mai tuba yana durƙusawa ya faɗa wa fada zunubansa a asirce, fadan ya ɗaga hannu ya ce *yo te absuelvo de tus pecados*, na kwance ka daga zunubanka. A duba bambancin da kyau. A kotu *absolución* na zuwa ne saboda ba a tabbatar da laifi ba. A coci tana zuwa ne bayan mutum ya amsa laifin da bakinsa. Ta farko wankewa ce, ta biyu gafara. Musulmi mai karatu zai ga al'adar baƙuwa ce, tunda a wurinsa tuba tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, amma ga mai fassara abin lura shi ne kada ya sa *wanke* a inda *gafarta* ta dace.

Wannan faɗin ma'ana shi ya ba shahararriyar jimlar Fidel Castro ƙarfinta. A ranar 16 ga Oktoba 1953, yana kare kansa a kotu kan harin da ya jagoranta a barikin Moncada da ke Cuba, ya ce *la historia me absolverá*. Bai musa kai harin ba. Yana nufin tarihi zai ba shi gaskiya. Aka yanke masa shekara 15, ya fito a 1955, kuma ba wanke shi aka yi ba, afuwar gama-gari ce ta fitar da shi.

Ƙarin abu ɗaya: a Peru da wasu maƙwabtanta za ka ga ofis ya rubuta *absolver consultas*. Babu laifi babu zunubi a nan. Amsa tambayoyin jama'a kawai ake nufi.

A kotunan Najeriya ana cewa *discharged and acquitted*. Ba maimaici ba ne?

Ba maimaici ba ne, kuma 'yan jaridarmu sun yi daidai da suke cewa kotu ta sallame shi kuma ta wanke shi. *Discharge* sallama ce: tafi, ba a riƙe ka a wannan zaman. Idan ita kaɗai aka faɗa, galibi ba a shiga cikin gundarin zargin ba, don haka ana iya sake kama mutum a kan abu ɗaya. *Acquittal* ce ke rufe ƙofa. Manjo Hamza Al-Mustapha, wanda babbar kotun Legas ta yanke wa hukuncin kisa a Janairun 2012, duka biyun ya samu daga kotun ɗaukaka ƙara a Yulin 2013. Haka Shaikh Ibrahim Zakzaky da matarsa a babbar kotun jihar Kaduna a Yulin 2021.

Sauran kalmomin da ke yawo a wannan fage:

*Nolle prosequi*, Latin ce, ikon da sashe na 174 da na 211 na tsarin mulki suka bai wa Antoni Janar na tarayya da na jiha ya dakatar da shari'a kafin a yanke hukunci. Sakamakonsa sallama ce, ba wankewa ba. *Struck out* kuma cire ƙara ne daga jerin shari'o'in kotu, sau da yawa saboda mai gabatar da ƙara ya daina zuwa. Ana iya dawo da ita. *No case submission* shi ne lauyan wanda ake tuhuma ya tashi bayan gwamnati ta gama kawo shaidunta ya ce abin da aka kawo bai kai a ce wanda nake karewa ya buɗe baki ba.

A Ingila akwai wani tarko: *absolute discharge*. Jin sunan sai ka ce an wanke mutum tas. Ba haka ba ne. An same shi da laifi, kotu ce kawai ta ga babu amfanin hukunta shi.

Mene ne *sobreseimiento*? Ina yawan ganinta a jaridun Sifaniya.

Ita ce dakatar da shari'a ba tare da an kai ga zaman yanke hukunci ba. A tsarin Sifaniya alƙali mai bincike ne ke tattara hujja kafin a tafi babban zama, kuma yana iya tsayar da maganar a nan. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka, wadda ke aiki tun 1882 da gyare-gyare masu yawa, ta kasa shi biyu.

*Sobreseimiento libre* yana zuwa ne idan babu alamar cewa abin ya faru, ko ya faru amma ba laifi ba ne, ko kuma wanda ake zargi ba shi da alhaki a doka. Wannan ƙarfinsa ɗaya da wankewa. Magana ta ƙare. *Sobreseimiento provisional* kuwa ajiyewa ce: hujja ba ta isa ba, ko ba a gano wanda ya yi ba. In sabon abu ya ɓullo kafin wa'adin tuhuma ya wuce, sai a ciro fayil. Jaridu kan taƙaita duka biyun su ce *el juez archiva la causa*, alƙali ya jingine ƙarar. Wanda ya ga wannan kanun bai san komai ba tukuna sai ya karanta ya ga wanne ne a ciki.

'Yan Nijar da Kamaru da Chadi waɗanda suka saba da kotun Faransanci za su gane abin da sauri, domin dangin *non-lieu* ne. Ƙasashen Latin Amurka kuwa kowacce da nata. A Ajantina akwai *falta de mérito*, matsayi na tsaka-tsaki: ba a gurfanar da kai ba, ba a kuma sake ka daga bincike ba. A Kolombiya ana cewa *preclusión*. A Meziko, *auto de no vinculación a proceso*.

Afuwa fa? Wanda aka yi wa *pardon* ko *indulto* an wanke shi?

Ba a wanke shi ba, kuma a nan ne na fi ganin ana yi wa masu karatu rufa-ido. Afuwa daga shugaba take fitowa, ba daga kotu ba, kuma ba ta cewa ba ka yi ba. A Najeriya sashe na 175 ne ya bai wa shugaban ƙasa wannan iko, na 212 ya bai wa gwamna. Da shi aka yi wa Diepreye Alamieyeseigha afuwa a 2013, da Joshua Dariye da Jolly Nyame a 2022. Dukkansu kotu ta riga ta same su da laifi. A Amurka kotun ƙoli ta taɓa cewa, a wata shari'a ta 1915, afuwa na ɗauke da alamar laifi kuma karɓarta tamkar amsa laifin ne. Shugaba Gerald Ford ya yi wa wanda ya gada, Richard Nixon, afuwa a Satumbar 1974 tun kafin a tuhume shi da komai.

Sifaniyanci ya bambanta *indulto* da *amnistía* sosai, kuma rikicin siyasar yankin Kataloniya ya sa kowa a ƙasar ya haddace bambancin. *Indulto* yana ɗauke hukunci, duka ko wani ɓangare, amma laifin na nan a rubuce. Gwamnati ce ke yanke shawara, sarki ya sa hannu, bisa wata doka ta 1870, kuma tsarin mulki ya hana yin sa a dunƙule ga jama'a. A Yunin 2021 aka yi wa jagororin 'yan awaren Kataloniya su 9 *indulto*, suka fito daga kurkuku amma haramcin riƙe muƙami bai sauka daga kansu ba. *Amnistía* kuwa doka ce ta majalisa, tana shafe alhakin laifin gaba ɗaya. Asalin kalmar daga Girkanci ne, ma'anarta mantuwa. An yi ɗaya a 1977 bayan mutuwar Janar Franco, mai mulkin kama-karya na Sifaniya, an sake yin wata a 2024 saboda Kataloniya, wadda ta jawo ce-ce-ku-ce mai zafi. Ita ce *amnesty* a Ingilishi, irin wadda Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009.

Rage hukunci, kamar a mayar da kisa ɗaurin rai da rai, *commutation* ne a Ingilishi, *conmutación* a Sifaniyanci.

Idan kotun sama ta soke hukunci, ai an wanke mutum ke nan?

Sai an duba dalilin sokewar da umarnin da ya biyo baya. Ingilishi na cewa *quash*, *overturn*, *set aside* ko *vacate*; Sifaniyanci na cewa *revocar* ko *anular*. A Mayun 2020 kotun ƙolin Najeriya ta soke shari'ar da ta kai ga ɗaure Orji Uzor Kalu shekara 12, saboda alƙalin da ya yanke hukuncin an riga an ɗaga shi zuwa kotun ɗaukaka ƙara, ba shi da hurumin komawa ya ƙarasa. Kotun ba ta ce komai ba game da ko an ci kuɗin ko ba a ci ba. Wannan sokewa ce. A gefe guda, da babbar kotun Kataloniya ta soke hukuncin ɗaure ɗan ƙwallo Dani Alves a Maris na 2025, hujjar kanta ta duba ta ce ba ta isa ba, shi ya sa jaridu suka rubuta *absuelve*.

Ana iya sake gurfanar da wanda aka wanke?

Ƙa'idar ita ce a'a. Ingilishi na kiranta *double jeopardy*, lauyoyin Sifaniya na cewa *non bis in idem* ko *cosa juzgada*, tana kuma cikin sashe na 36(9) na tsarin mulkinmu. Amma tsananinta ya bambanta. A Amurka gwamnati ba ta da damar ɗaukaka ƙara kan *acquittal*. Ingila ta sassauta da dokar 2003: a manyan laifuka, in sabuwar hujja mai ƙarfi ta fito, ana iya sake shari'a, kuma ta haka a 2012 aka ɗaure ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe wani matashi baƙar fata mai suna Stephen Lawrence, bayan an wanke mutumin a 1996. A Najeriya da Sifaniya mai gabatar da ƙara na iya ɗaukaka ƙara. Kotun ɗa'ar ma'aikata ta wanke Bukola Saraki a Yunin 2017, gwamnati ta ɗaukaka, maganar ba ta mutu ba sai a kotun ƙoli a Yulin 2018. Don haka a labarin Sifaniya a riƙa neman kalmar *firme*. *La sentencia no es firme* na nufin da sauran rina a kaba.

Akwai wanda ake wankewa alhali kowa ya yarda shi ya aikata?

Akwai. Sashe na 20 na kundin laifukan Sifaniya na 1995 ya jera abin da ake kira *eximentes*, dalilan da ke ɗauke alhaki: taɓin hankali, kare kai, larura, tsoron da ya fi ƙarfin mutum, da sauransu. Wanda aka wanke saboda taɓin hankali *absuelto* ne, amma ana iya tura shi asibitin masu taɓin hankali a tsare. *Atenuante* kuwa sassauci ne kawai.

Akwai kuma *excusa absolutoria*. Sashe na 268 ya ce idan ɗa ya ɗauki dukiyar ubansa, ko ɗan'uwa ta ɗan'uwansa, ba tare da ƙarfi ko barazana ba, babu hukuncin laifi. Sai dai a bi shi ya biya.

Waɗanne kalmomi ne suka fi yaudarar mai fassara tsakanin harsunan biyu?

*Sentencia* ce kan gaba. A Ingilishi *sentence* horon da aka yanke wa mai laifi ne, a Sifaniyanci kuwa *sentencia* hukuncin kotu ne ko wane iri, har da na wankewa. Horon kansa *condena* ne ko *pena*. Lionel Messi a 2016 *condena* ya samu, ta wata 21 kan haraji, wadda daga baya aka mayar tara. Neymar a Disambar 2022, a shari'ar cinikinsa daga Santos zuwa Barcelona, *sentencia absolutoria* ya samu.

*Fallo* na nufin hukunci, tana kuma nufin kuskure ko lalacewar na'ura. Manhajojin fassara kan faɗa wannan ramin.

*Reivindicar* ta yi kama da *vindicate*, amma *reivindicar un atentado* shi ne wata ƙungiya ta fito ta ce ita ta kai hari. *Condonar* yafe bashi ne. *Condone* ta Ingilishi kau da kai ne daga mugun aiki. *Cargo* tuhuma ce kuma muƙami ne. *Testigo de cargo* shaidan gwamnati, *testigo de descargo* shaidan wanda ake tuhuma. *Inocente* ma ba marar laifi kaɗai take nufi ba, har da wanda bai san dawan garin ba, shi ya sa ranar 28 ga Disamba, *Día de los Santos Inocentes*, ita ce ranar zolaya a ƙasashen Sifaniyanci.

A Ingilishi kuma *he acquitted himself well* ba ta da alaƙa da kotu. Ya taka rawar gani ke nan.

A maganar yau da kullum fa, in mutum ya taka ƙafar wani a mota?

Babu mai cewa *absolver* a nan sai da wasa. *Perdón* ko *disculpe* ake cewa, kamar yadda za mu ce yi haƙuri ko gafara dai. *Disculpa* ta abokai ce da yara, *disculpe* ta girmamawa. *No es culpa tuya*, ba laifinka ba ne. A Ingilishi *let off* na nufin an ƙyale mutum alhali ya cancanci horo.

Wanda aka tsare sannan aka wanke yana samun diyya?

A Sifaniya dokar tsarin kotuna ta tanadi diyya, amma da can sai ga wanda aka tabbatar abin da ake zarginsa da shi bai ma faru ba. Wanda aka wanke don ƙarancin hujja sai ya tafi hannu rabbana. Kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta soki wannan rarrabewa, har a wata shari'a ta 2010, bisa cewa yana barin shakka a kan wanda doka ta ce ba shi da laifi. A 2019 kotun tsarin mulkin Sifaniya ta cire sharaɗin.

To yaya za a sa duk wannan a Hausa ba tare da an ruɗa mai sauraro ba?

Kalmominmu sun isa, in an daina ɗora wa ɗaya kayan kowa. Kafin a rubuta, a tambayi abu uku: wa ya yi maganar, alƙali ne ko shugaba ko kwamiti, an duba hujja ko ba a duba ba, kuma ana iya dawowa da zargin?

In kotu ta duba hujja ta ce ba ta isa ba, a ce ta wanke shi, ko ba ta same shi da laifi ba. Na biyun ya fi zama daidai ga *not guilty* da *no culpable*. In sabuwar hujja ta nuna ba shi ba ne, a faɗe shi ɓaro-ɓaro: an tabbatar ba shi ya aikata ba. A rubutu mai nauyi *barrantar* na nan, wadda masu tafsiri ke amfani da ita wajen bayanin yadda Suratun Nur ta barrantar da Nana A'isha daga ƙazafi. *Discharge* ita kaɗai, a ce an sallame shi. *Nolle prosequi*, gwamnati ta janye ƙara. *Sobreseimiento provisional*, an jingine shari'ar. *Libre*, an kori ƙarar gaba ɗaya. *Quash* ko *anular*, an soke hukuncin, sannan a ƙara jimla ɗaya da ke cewa ko za a sake shari'a. *Pardon* da *indulto*, an yi masa afuwa. *Amnesty* da *amnistía*, afuwar gama-gari. Ta coci kuma, fada ya sanar da shi an gafarta masa zunubansa.